Turaren maza: me za mu kira “spicy” da “woody” da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu turare, a taimaka. Kwalaben da ake jibgewa a kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi yawancinsu an rubuta “spicy, woody” a kwali. Mai saye ya tambaya, yaron shago ya ce masa “mai yaji ne, mai itace.” Wallahi wannan ba talla ba ce, korar ciniki ce.

2/ Bahaushe ya ji yaji, barkono yake gani da atishawa. Alhali abin da ake nufi shi ne kanumfari, kirfa, citta, wani lokaci masoro. Ƙamshi ne mai ɗumi, mai ɗan tsinke hanci da farko kafin ya kwanta.

3/ Wani ya kawo “mai kayan ƙamshi”. A kicin daidai ne, amma kowane turare ai kayan ƙamshi ne, ba mu ce komai ba ke nan. Wata Hajiya mai haɗa humra ta ce a kira shi “mai kayan shayi”. Hajiya, Allah ya ƙara basira, nan na tsaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shayi da asuba lokacin hunturu, tukunya na tururin citta da kanumfari, ya san ƙamshin tun kafin a buɗe masa kwalba.

4/ Na itacen ne ya fi wuya. “Mai itace” na kai tunani wajen murhu da hayaƙi. Ba kowane icce ba ne, ƙalilan ne, irin su sandal, wanda na Mysore a Indiya ya yi suna, da kuma ud. Shi ud ma ba lafiyayyen icce ba ne. Sai cuta ta kama bishiyar, ta fitar da baƙin ƙaro don kare kanta, ɓangaren da ya jiƙe da ƙaron nan shi ake sara a sayar. Daga wurare irin su Assam ta Indiya da Kambodiya ake kawo shi, ƙarancinsa ne kuma ya sa tsadarsa. Har saiwar jema turawa a wannan layin suke sa ta, ga ta kuwa muna da irinta a fadamunmu.

5/ Iyayenmu mata da ke turara ɗaki da sandal da kajiji cewa suke “icen turare”. To me ya hana mu ɗauka? “Ƙamshin icen turare.” Ya ɗan yi tsawo, amma ba mai ruɗewa.

6/ Kuma jerin yana da dalili. Kayan shayin ke fara tashi idan an fesa, su riga gushewa. Icen ne ke maƙalewa a shadda, ka fesa ranar Juma'a ka ji shi a wuyan riga washegari.

7/ Don haka: turare mai kayan shayi da icen turare. A bakin ciniki a taƙaita, “mai shayi da icce”. Mutanen Gombe, ku da kuka fi mu kusa da masu turaren Borno, in akwai sunan da dattawanku ke faɗa a kawo, Malam, mu ajiye namu.