Kalkuletata tana ba ni 9 a lissafin 10 - 4 - 3, ina kuskuren yake?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin aji aka ba mu, mu rubuta ƙaramar kalkuleta da Python wadda za ta karɓi lissafi a rubuce ta fitar da amsa. Da farko daga hagu zuwa dama kawai nake bi, sai 2 + 3 * 4 ya ba ni 20 maimakon 14. Na gyara wannan, na raba dokokin tarawa da na ninkawa. Amma da na rubuta cewa lissafi shi ne lissafi a ɗebe gaɓa (wato lamba ɗaya ko lambobin da aka ninka), sai fankishin ɗin ya dinga kiran kansa har Python ta tsaya da RecursionError. Na juya dokar, yanzu kuma 10 - 4 - 3 yana ba ni 9. Kwana uku ke nan ina kai. Wani abokina ya ce in sa eval, fankishin Python da ke aiwatar da rubutun da aka ba shi, in huta, wani ya ce in koma ANTLR, manhajar da ake ba dokokin nahawu ta samar da mai karanta su. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kusa, kada ka karaya. Ka tuna bishiyar li'irabi da ake zanawa a darasin nahawu? Ita ce manhajarka take ginawa, sai dai taka ta karkata dama. Da ka juya dokar, sai ta fara ɗebe 3 daga 4, ta samu 1, sannan ta ɗebe 1 daga 10. Ga 9 ɗinka nan. Matsalar farko kuwa, fankishin yana kiran kansa tun bai cinye ko alama ɗaya ba, don haka bai san inda zai tsaya ba, har ya cika iyakar kira 1000 da Python take sawa.

Maganin duka biyun ɗaya ne. Karanta gaɓa ta farko ka riƙe ta. Sai ka buɗe while: muddin alamar da ke gaba + ce ko -, ka cinye ta, ka karanta gaɓa ta gaba, ka haɗa da abin da ke hannunka. 10 a ɗebe 4 saura 6, a ɗebe 3 saura 3. Haka za ka yi wa * da / a mataki na ƙasa. In ka ci karo da baka, wato (, sai ka koma can sama, dokar tarawa da ɗebewa.

Amsa ta biyu:
Eval kam ka rabu da shi. Duk abin da aka rubuta masa zai aiwatar, har umarnin goge fayil, kuma malaminka yana gani zai san ba ka yi aikin ba.

Amsa ta uku:
Ni ban ga dalilin ɗauko ANTLR don alamomi huɗu ba, kamar a ɗauko tirela ne don buhu ɗaya. Kayan aiki ne masu kyau, tun Yacc da Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs cikin shekarun 1970, amma GCC, manhajar da ke fassara C da C++ zuwa harshen inji, da kanta ta koma rubutun hannu irin naka, na C++ a 2004, na C a 2006. In alamomin suka yi yawa nan gaba, ka nemi hanyar da Vaughan Pratt ya fitar a 1973, inda kowace alama ake ba ta nauyinta. Hattara ɗaya: **, alamar ninka lamba da kanta, ta dama take bi, shi ya sa 2 ** 3 ** 2 a Python yake ba da 512, ba 64 ba. A nan ne dokar da ka juya za ta yi maka amfani.

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi, 3 ta fito! Allah ya saka da alheri, Yaya. Saura -3 ** 2, tawa tana cewa 9.

Amsa ta farko:
Python -9 take bayarwa, don ** ta fi alamar ɗebewar ƙarfi. Ka ba alamar ɗebewar da ke gaban lamba matakinta daban, tsakanin * da **.