Faɗuwar gaba asarar namiji: ta dace a faɗa wa 'yan ƙwallo?

Mai horar da matasa, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum. Nakan faɗa wa yarana wannan karin magana kafin alƙalin wasa ya busa usur, domin yaron da gabansa ya faɗi tun wajen ɗaura takalmi, ƙwallo ba ta zama a ƙafarsa. Sai wani dattijo ya ce girman kai nake koya musu, alhali yabon kai jahilci ne. Ina neman fahimtarku.

Malamin Hausa, Gangare: Wa alaikumus salam, Koci. Da girman dattijon, ya haɗa abu biyu mabambanta. Karin maganar ba ta umarci kowa da cika baki ba, tana nufin wanda ya karaya ya riga ya yi asara tun kafin a gwabza. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Brazil tana gaban Najeriya da ci 3 da 1, amma Kanu ya farke ana dab da tashi, ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci.

Tsohon mai tsaron gida, Bukuru: Allah ya gafarta Malam, ban yarda da rabin bayaninka ba. Victor Ikpeba ne ya ci ta biyu, ita ce ta dawo wa Kanu da sauran da ruhinsu. Matsalata da wannan magana ita ce tana ɗora nauyin a kan mutum guda, yaro ya ji kunyar cewa yana tsoro. Wanda ya taɓa tsayawa a raga ya san cewa idan ƙwallo ta sulale tsakanin hannuwansa, 'yan kallo suna ihu a bayansa, abin da ke tayar da shi shi ne ɗan baya ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tashi, muna tare." Ni "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" zan faɗa musu.

Malama mai koyar da wasanni, Tudun Wada: Baba ya yi gaskiya, kuma jarumtar da ake nufi ba ta maza kaɗai ba ce. A Rabat a 2025, Maroko ta tafi hutun rabin lokaci da ci 2 da nema, Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, suka dawo suka ci 3, suka ɗauki kofin Afirka na goma.

Malamin Hausa, Gangare: Na karɓi gyaranki, Malama. Sai dai Baba, dafa kafaɗa ba ta amfanar yaron da bai yi atisaye ba, domin shi ya san abin da ya bari bai yi ba. Koci, ka faɗi karin maganar taka ranar horo, lokacin da suke son tsayawa saboda gajiya.