Shawarwarin waɗanda suka je birnin Xi'an

Bakin waɗanda suka taɓa zuwa Xi'an, tsohuwar fadar daular Tang a ƙasar Sin, ya zo ɗaya: kwana uku ne mafi ƙaranci, kuma a guji makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, don cunkoso sai wanda ya gani.

Mutum-mutumin sojoji na yumɓu da aka binne kusa da kabarin sarki Qin Shi Huang, waɗanda manoma masu haƙar rijiya suka gano a 1974, suna bayan gari, tafiyar kamar awa guda. A yi sammako, a riƙe fasfo, da shi ake sayen tikiti.

An ɗan yi gardama kan ganuwar birnin mai tsawon kusan kilomita 14. Wasu suka ce a hau samanta a kewaye ta da keken haya, wasu suka ce duwatsun daɓen na jijjiga mutum har ƙugu ya yi tsami. Ni dai ina bayan masu keke.

Abincin halal kuwa ba matsala. A unguwar Musulmin ƙabilar Hui, kusa da Babban Masallaci mai rufi irin na ginin Sinawa, ana sayar da paomo: a miƙo maka gurasa mai tauri, ka gutsuttsura ta da hannunka ƙanana-ƙanana, sannan a zuba mata romon naman tunkiya.