Musayar waƙa: hasken da ke dushewa bayan fashewar gamma

Ɗalibin Dare:
Malama, ga wata tambaya na kawo,
Ta hana ni sakat, ta hana ni runtsawa.
Fashewar gamma, walƙiya mai ƙarfi daga sararin samaniya, sakan kaɗan take yi,
Kafin a juya madubin hangen nesa ta gama wucewa.
To me masana ke nema a garwashi,
Bayan wutar ta riga ta yi macewa?

Malama Zara:
Ɗana, ai garwashin nan shi ne shaida,
Gamma ba ta faɗin nisan da take fitowa.
Tun 1967 taurarin ɗan'adam na Vela suka fara jin ta,
Shekara 30 masana suna ta musawa.
Wasu sun ce cikin gungun taurarinmu take,
Wasu sun ce nisanta ya wuce misaltawa.
Sai ran 28 ga Fabrairun 1997
Tauraron ɗan'adam BeppoSAX ya nuna wurin dubawa.
Madubin William Herschel da ke La Palma
Ya kama ɗigon haske yana ta raguwa.
A Mayu madubin Keck ya auna launukan wani ɗigon,
Biliyoyin shekarun haske, ba sauran jayawa.

Dattijo:
Madalla, 'yar'uwa, bari in ɗan ɗora.
Babban tauraro ne ke ruftawa,
Ya harbo feshi mai gudun kusan na haske,
Ya daki iskar da ke kewaye da bugawa.
Ƙwayoyin lantarki su yi ta juyi cikin maganaɗisu,
Hasken da ake gani daga nan yake tasowa.
Gudu na raguwa, haske na raguwa,
In ya faɗi kwatsam, sai a yi lurawa:
Feshin siriri ne, bai game ko'ina ba,
Daga nan ake gane faɗinsa da aunawa.

Ɗalibin Dare:
Baba, na ji an ce wata fashewa ta Maris 2008,
Ido tsirara ma ya isa ganowa,
Daga shekarun haske biliyan 7.5!

Malama Zara:
Haka ne, sakan 30 ya yi yana haskawa.
Amma wancan walƙiyar fashewar ce kanta,
Na bayan sai da madubi ake bibiyawa.
Shi ya sa na'urar Swift ta sararin samaniya, tun hawanta a 2004,
Cikin sakanni take aiko sanarwa,
Madubai masu sarrafa kansu su juya,
Don awa ɗaya ta latti babbar asara ce kuwa.

Dattijo:
Saura gajerun fashewa, na ƙasa da sakan 2,
Ta 2017, ta karon matattun taurari biyu, wa zai ɗauka da rerawa?