Fitilun bayan 504 ɗin Baba sun rikice, birki da sigina suna karɓa-karɓa

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin wayarin mota a taimaka min da shawara kafin a kai ga yanke min wayoyi. Akwai Fijo 504 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce ta 1984, ta kusa shekara shida a ajiye an lulluɓe ta da tampol, bana na ce bari in tashe ta. An yi inji, an sa sabon batir, bayan ƙaramar sallah aka yi mata gyaran bodi da fenti, yanzu bugu ɗaya take tashi. Fitilun baya ne suka hana ni sakat. Da rana in na taka birki ta dama tana kamawa tas, ta hagu kuwa sai ta yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. In na sa siginar hagu ina kan birki sai su dinga karɓa-karɓa, wannan ta kama wancan ta mutu. Da daddare kuma in na kunna fakin, wato ƙananan fitilu, na taka birki, ta hagun ɗauke wuta take gaba ɗaya. Wani abin mamaki ma, in fitila a kashe take na taka birki sai in ga dashbod ya ɗan yi haske kaɗan. Jiya wajen Ƙofar Mazugal saura ƙiris wani ɗan adaidaita ya shige min baya, ya leƙo yana cewa Alhaji motar taka ba ta da wutar birki ne? Na canja ƙwai sau biyu, fis lafiya lau. Wani yaro mai wayarin ya ce sai an zare wayarin motar duka an sa sabo, ni kuma raina bai kwanta ba.

Abba_Fagge:
Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Yaya ka duba makunnin birki, wanda yake can saman feda? Motar da ta daɗe a ajiye shi ne yake fara cijewa, a Ƙofar Ruwa za ka samu ba tsada.

MaiWayarin_KofarRuwa:
Abba ba shi ba ne. Makunnin birki guda ɗaya ne yake ba wa hagu da dama wuta, da shi ne da duka biyun za su mutu tare. Haka ma fis, fis ko ya ƙone ko bai ƙone ba, ba ya rage haske.

Maigida tun da ka ce fenti na gane inda aka dosa. Atin ne ya tafi a fitilar hagu. Kar ka bari kowa ya sa almakashi a wayarin nan, wallahi wayar da aka sa mata a kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna ta fi wacce za a sa maka yanzu kauri da inganci.

Bari in yi maka bayani yadda za ka gane da kanka. A mota waya ɗaya ce take kai wuta fitila, in za ta koma batir ta jikin ƙarfen bodi take bi, shi ya sa ka ga kan batir mai alamar ragi an ɗaure shi da bodi. To wannan hanyar komawar ita muke kira atin. Ƙwan birki kuma ka ɗaga shi a rana ka duba, zare biyu ne a ciki, mai kauri wat 21 na birki, siriri wat 5 na fakin, kuma su biyun gindi ɗaya suke haɗawa. Idan gindin nan bai samu hanya zuwa bodi ba, wuta ba ta haƙura, kamar ruwan sama ne a lungun da aka toshe kwata, gidan maƙota zai shiga. Sai ta shiga ta zaren birki, ta rasa mafita, ta juyo ta siririn zaren fakin, ta bi wayar fakin baya-baya har ta je ta samu ƙasa ta sauran ƙwayayen fakin da na dashbod. Ka ga dalilin da dashbod ɗinka yake haske kenan, kuma shi ya sa ta hagu take ja-ja, don wutar ta rabu gida-gida. Da daddare da ka kunna fakin, ita ma waccan wayar ta cika da bolt 12, nan 12 can 12, babu inda wuta za ta gangara, sai ƙwan ya mutu. Sigina ma labarin ɗaya ne tunda atin ɗaya suke ci da birki a cikin gidan fitilar.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Samo guntuwar waya kamar kamu biyu, ka feƙe bakinta biyu, buɗe but, ka taɓa ɗaya a jikin ƙarfen holdar ƙwan, ɗayan a kan wani noti mai tsabta wanda babu fenti babu tsatsa. Sa yaro ya taka maka birki. In fitila ta washe nan take to magana ta ƙare.

Ɗan_Gwammaja:
Ikon Allah. Oga wallahi kamar kana wajen. Amma tambaya, ta yaya fenti zai jawo wannan, ai waje aka fesa?

MaiWayarin_KofarRuwa:
Ai sai sun kwance fitilun kafin su fesa, kuma fenti yana shiga har bakin ramukan noti da cikin but. In suka zo mayarwa sai su ɗaure wayar atin a kan sabon fenti, wani ma mantawa yake ya bar ta tana lilo a bayan kafet. Fenti kuwa ba ya wuce wuta. Ka ƙara da shekara shida a ajiye, damina ta shiga ta robar but da ta bushe, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai, tsatsa ta samu wajen kwana. A kankare wajen da samfefa har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure tam, sannan a shafa ɗan giris a SAMA bayan an ɗaure.

Sannan ka ce ka canja ƙwai sau biyu, wa ya sa maka? Ciro shi ka kalli gindinsa. Na birki ɗigo biyu ne a ƙasa, kuma ƙusoshin gefensa ɗaya yana sama da ɗaya a wajen zama don kar a juya shi. Na sigina ɗigo ɗaya ne, ƙusoshinsa daidai suke. Yaran shago da yawa tura mai ɗigo ɗaya suke da ƙarfi cikin holdar mai biyu, sai ɗigon nan ya haɗe layin birki da na fakin, shi ma yana kunna dashbod in an taka birki. Na sha ganin mota da ciwon biyu a lokaci ɗaya.

Baba_Tsohon_Direba:
Yaro ka riƙe maganar mai wayarin nan, ya san aikinsa. Ni na ja 504 Kano zuwa Jos shekaru, kuma kafin ita na riƙe Bitil. Abin da zan ƙara don masu karantawa, kowace tsohuwar mota da halinta. Bitil makunnin birkinta ba a feda yake ba, a jikin masta yake, wato famfon man birki, man birki ne yake tura shi, to in ya fara gajiya sai ka danna birki da ƙarfi kafin fitila ta kama. Kuma waɗanda aka yi kafin 1967 bolt 6 ne, in ka sa musu ƙwan bolt 12 haske kamar aci-balbal. Tsofaffin motocin Amurka kuma wani salo ne daban, zare ɗaya ne yake yin birki da sigina, wutar birki sai ta bi ta cikin makunnin sigina na jikin sitiyari tukunna ta wuce baya, to a irinsu in gefe ɗaya ya ƙi kama birki alhali ƙwai lafiya, can wuyan sitiyari ake nema. Taka ba haka take ba, siginarta daban ce ruwan lemo, kar wani ya kwance maka sitiyari a banza. Allah ya jiƙan mahaifinka, ka kyauta da ba ka sayar wa 'yan gwangwan ba.

Sadiq_Zoo_Road:
Ni fa da ni ne kawai in zuba mata LED gaba da baya a huta, ga haske ga ba ya cin batir

MaiWayarin_KofarRuwa:
Sadiq LED ba ya gyara atin, sai ma ya ƙara rikita lissafi don ɗan wuta kaɗan ya ishe shi ya kama, sai ka ga fitilun da ba a kunna ba suna ƙyalli. Ga kuma filasha, wacce take sa sigina ƙiftawa. Tsohuwar filasha wani ɗan ƙarfe ne a ciki da yake zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya dawo, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. An auna ta ne da nauyin ƙwai biyu masu wat 21, kowanne yana jan kusan amfiya 1.75. Ka sa LED ba zai ja abin da zai ɗumama ta ba, sai sigina ta tsaya cak ko ta rikice. In dole sai LED to a canja filasha zuwa ta lantarki wacce aka yi don shi. Amma ni a ganina mota irin wannan a bar ta da ƙwanta na asali, gilashin fitilar ma don shi aka zana shi, LED mai arha tsakiya kawai yake haskawa kamar idon mage.

Ɗan_Gwammaja:
Jama'a na dawo da labari. Bayan la'asar na sa ƙanina ya zauna a kan birki, na yi gwajin wayar nan, ina taɓa notin sai fitila ta washe har sai da na ja baya. Na ɗaga kafet ɗin but ɓangaren hagu, ga wayar atin nan an ɗaure ta a kan fenti, ƙarƙashin wanshar kuma tsatsa ce jawur har tana garin hoda. Na kankare, na canja wansha, na ɗaure. Birki tas, fakin tas, dashbod ya daina haske. Ƙwayayen kuma na duba, masu ɗigo biyu ne daidai. Oga Allah ya saka da alheri, Baba na gode da addu'a. Saura abu ɗaya, siginar dama tana ƙiftawa da sauri fiye da ta hagu, da ban lura ba sai yau.

MaiWayarin_KofarRuwa:
Madalla. Wannan ƙarami ne, nauyi ne ya ragu a ɓangaren dama. Kunna ta ka zagaya gaba ka duba, ko ƙwan gaba ya mutu, ko an sa ƙaramin wat a wajen mai 21, ko holdar ta yi kore. In ƙwan lafiya yake ka ɗan ɗago harshen tagullar da ke ƙasan holda da bakin sukundireba, amma ka kashe mota tukunna kar ka ƙona fis. Kuma tunda hannu ɗaya ne ya ɗaure duka fitilun bayan fenti, ka bi atin na dama da na gaba biyun ka kankare su yau ɗin nan, ka sayi sabuwar robar but kafin ruwan Agusta ya sauka.