Littafin ƙuruciyar Shugaba Snow: wai tausayinsa ake so mu ji ne?

Hajjo22:
Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka karanta The Ballad of Songbirds and Snakes na Suzanne Collins ku matso. Na kai wajen rabi kuma raina ya fara jagulewa. Ni dai Snow ɗin da na sani shi ne tsohon azzalumin nan mai farin fure a ƙirji da ya hana Katniss, jarumar labarin, sakat a littattafai ukun farko na The Hunger Games, sai ga shi an mayar da mu baya shekara 64, yana ɗan shekara 18, maraya, gidansu babban suna amma ba abin kaiwa baki sai miyar kabeji, 'yar uwarsa Tigris na ta fama tana gyara masa tsohuwar rigar babansa don kar 'yan makaranta su gane talauci ya ci su. Wlh sai na ji ina fatan Lucy Gray, yarinyar Gunduma ta 12 da aka ba shi ya horar, ta ci gasar (wadda ake sa yaran gundumomi su kashe juna sai ɗaya ya rage) don shi ma ya samu kuɗin shiga jami'a. To wai wanke shi marubuciyar take son yi? In haka ne gara in ajiye tun yanzu. Ku saki baki kawai, ni faɗa min ƙarshen labari baya hana ni karatu.

Abba_K:
'Yar uwa ni na gama shi amma da ƙyar. Ba maganar wankewa ba ce ta dame ni, jan labari ne. Kashi na ɗaya da na biyu ba laifi, gasa ta 10 ce, ba ƙyale-ƙyale, a gidan zu ma ake zuba yaran, wasu sun mutu tun kafin a fara. Amma da aka tura shi aikin soja Gunduma ta 12 sai komai ya yi sanyi, waƙa, waƙa, waƙa. Sannan dole sai an nuna mana asalin kowane abu, waƙar bishiyar ratayar nan, dalilin da ya sa ya tsani tsuntsayen nan mockingjay, har da tsiron da aka samo sunan Katniss, haba! Duk a kan mutum ɗaya? Sai ka ce ƙasar tasu ta Panem gida biyar ce.

Ummu_Sadiq:
Hajjo kar ki ajiye. Tausayin nan da kike ji tarko ne, kuma da gangan aka ɗana miki shi. Ki koma ki duba yadda yake tunani ko a rabin da kika karanta, duk alherin da zai yi sai ya fara lissafin abin da zai dawo masa. Abincin da yake kai wa Lucy Gray gidan zu, eh akwai tausayi a ciki, amma akwai kyamara a wurin kuma ya sani. Kuma ki lura yadda yake ɗaukarta kamar kayansa, ba wai mutum mai ran kanta ba, ko waƙa ta yi a kan tsohon saurayinta sai kishi ya turnuƙe shi alhali yarinyar gobe za a jefa ta filin mutuwa.

Inda ni na yanke masa hukunci shi ne kan Sejanus Plinth, abokin karatunsa. Yaron nan ya ɗauke shi ɗan uwa, mahaifiyarsa har kayan ci take aiko musu, shi kuma ya danna wa tsuntsun nan mai naɗar magana ya ɗauki sirrinsa na taimakon 'yan tawaye ya aika wa Dr. Gaul, shugabar masu shirya gasar, aka rataye yaro yana kiran mamansa. Ya yi kuka fa, ba a ce bai yi ba, amma kafin hawayen su bushe ya gama tsara wa kansa dalilin da ya sa ba laifinsa ba ne. Daga ƙarshe kuma iyayen Sejanus ɗin suka mai da shi magajinsu, su ke biya masa komai, basu san komai ba. Wace irin wankewa ce wannan?

Kuma abin da mutane ke mantawa, Tigris ma ta sha yunwar yaƙin nan, gida ɗaya, tukunya ɗaya, ita me ya sa bata zama haka ba? Sejanus ga kuɗi ga gata a Capitol, babban birnin ƙasar, amma ya ƙi yarda da gasar har ya rasa ransa. Ni a ganina saboda haka aka ajiye su kusa da shi, don kar wani ya ce ai wahala ce ta mai da shi mugu.

Abba_K:
Anti Ummu na yarda da batun Sejanus, nan kam jikina ya yi sanyi. Amma ƙarshen fa? Shafi sama da 500 ana tafiyar hawainiya, sai a 'yan shafukan ƙarshe ya tsinci bindigogin nan da aka yi kisa da su a bukka bakin tafki, nan take mutumin da ya bar komai zai gudu da yarinya ya koma farautarta a daji. Ya yi min sauri da yawa gaskiya.

Ummu_Sadiq:
Ai ba don so ya gudu ba Abba, tsoron igiya ne. Yana ganin zai iya nutsar da bindigar shaida ta ɓace, sai ya tuna saura mutum ɗaya da ta san ya kashe 'yar magajin gari. Tun kafin nan ma ya fara ƙyamar zaman dajin. Ba canjawa ya yi ba, lissafin ne ya canja.

DanMalam:
Ku duba shafin farko kafin labarin ya fara, ta jero maganganun Hobbes da Locke da Rousseau. To rigimar littafin kenan gaba ɗaya. Dr. Gaul na kan cewa ɗan Adam in ba a danne shi ba cinye ɗan uwansa zai yi, filin gasar ma hujjarta ce, Lucy Gray kuma na ganin akwai alheri a cikin mutum tun asali. Snow ya ga duka biyun da idonsa ya ɗauki wanda zai kai shi sama. Kar ku manta yana cikin waɗanda suka kawo shawarar a riƙa caca a kan yaran da aika musu kyauta don mutane su riƙa kallo.

Wanda fim ɗin 2023 kawai ya kalla shi ne zai fi faɗawa abin da Hajjo ke tsoro, don a fim baka jin abin da ke ransa, Tom Blyth kawai kake gani da kyan fuska yana kallon Rachel Zegler, shi ya sa intanet ta cika da masu cewa wayyo Coryo, wato Snow ɗin. A littafi kuwa kana cikin kansa, kana jin yadda yake raina mutanen gundumomi ko yana musu murmushi.

Hajjo22:
Kai, na gode muku. Batun Tigris ɗin nan ya shige ni Anti. Zan ci gaba. Amma tambaya ɗaya, Lucy Gray ɗin ya kashe ta ne ko ta tsira?

DanMalam:
Ba a faɗa ba. Ya yi ta harbi cikin bishiyoyi, bai ga gawa ba, mu ma bamu gani ba. Tun fitowar littafin a watan Mayun 2020 ake wannan musun, wasu ma har cewa suke ita ce kakar wance ko wance, ni dai ban ga hujjarsu ba. In kin gama ki nemi Sunrise on the Reaping da ya fito 2025, na Haymitch mai horar da Katniss ne da gasa ta 50, a can zaki ga Snow ɗin da kika sani.