Wai duk wanda ya ce a dawo da zaɓe da kotu yaron Faransa ne?

Ɗan Damagaram:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah manya da masu ilimi su amsa min ba da zagi ba. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 fadarmu, wato wurin zaman hirarmu, ta rabu gida biyu, kullum musu har dare. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne Janar Tchiani da bakinsa ya ce riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara 3 ba, sai ga shi a watan Maris na 2025 an rantsar da shi na shekara 5 kuma aka ce wa'adin ma ana iya taɓa shi, aka rushe jam'iyyu kaf, to kuma cikin Agustan 2025 ministan cikin gida ya sa hannu an rushe SAMAN ƙungiyar alƙalai tare da wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, da sakatarenta ya yi magana sai aka kore shi daga alƙalanci gaba ɗaya har lauyoyi suka tafi yajin aiki. Da na ce wannan bai dace ba sai abokaina suka ce ni yaron Faransa ne, ɗan PNDS jam'iyyar Bazoum da aka hamɓarar, alhali ni ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba. Shin mutum ba zai iya ƙin Faransa kuma ya ƙi mulkin bindiga ba? Kuma wai me 'yancin alƙali zai tsinana wa talaka irina?

Baba na Fagge:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni daga Kano nake, kuma abin da kuke ciki mun sha shi mun ƙoshi, shi ya sa na ga ba zan wuce ban ce komai ba. Ranar 31 ga Disambar 1983 da soja suka kori Shagari murna aka yi, an gaji da 'yan siyasa, an gaji da tsadar shinkafa, kowa na cewa ga masu gyara sun zo. Ba a daɗe ba aka fito da dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda da sa hannun mutum ɗaya za a ɗauke ka a ajiye wata 3, in sun cika a sabunta, kuma a cikin dokar aka rubuta ƙarara cewa babu kotun da ke da ikon tambayar dalili. To nan fa gizo yake saƙar, ka riƙe wannan. Soja ba ya rufe kotu da kwaɗo, ginin yana nan, alƙali yana zuwa aiki da rigarsa yana raba gado da rikicin fili, amma duk abin da ya shafi gwamnati an cire hannunsa. Uwa ta je da lauya ta ce ina ɗana, alƙali ya ce ba ni da hurumi.

Sai doka mai lamba 4 da aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Sai mai lamba 20 da aka mayar da aikinta baya, aka harbe mutum 3 a 1985 kan miyagun ƙwayoyi. Lokacin da yawanmu cewa muke ai masu laifi ne, ai 'yan kudu ne, ina ruwanmu. Da Abacha ya zo a Nuwamban 1993 sai abin ya iso gida. Kotun soja ta sirri ce ta yanke wa Shehu Musa Yar'Adua hukunci a 1995, janar guda, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar 1997. An tuɓe Sarkin Musulmi Dasuki a 1996 aka tsare shi. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba. Rimi da Sule Lamido an kulle su don sun ce kada Abacha ya zarce, a lokacin da jam'iyyu 5 duka suka tsayar da shi shi kaɗai. In har irin waɗannan ba su da inda za su kai kuka, kai da ni fa?

Ba wai ina ce maka farar hularmu ta yi daɗi ba, wallahi muna jin jiki. Amma tun 1999 na ga an kayar da shugaba mai ci a 2015 ya sauka, na ga kotu ta ƙwace kujerar gwamna ta ba wani. A zamanin soja ko a mafarki.

Ɗan Ader:

Baba da girmanka, amma ku 'yan Najeriya ku bar mu da wannan wa'azin, ku ne fa kuka yanke mana wuta kuka rufe iyaka a 2023 da sunan dimokuraɗiyya, asibitoci ba magani, buhun shinkafa ya tashi sama, har Tinubu yana maganar kawo mana yaƙi. Kuma a farar hular taku ba Buhari ne ya dakatar da alƙalin alƙalai Onnoghen a Janairun 2019 ana gab da zaɓe ba?

Kai kuma ɗan uwa na Damagaram, wace kotu kake kewa? Wadda Hama Amadou ya yi takarar shugaban ƙasa a 2016 yana kulle a gidan kason Filinge? Ko wadda aka kwashe su Nouhou Arzika da Ali Idrissa a 2018 don sun ce ba su yarda da dokar kasafin kuɗi ba? Binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya nuna kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta, kuɗin makamai, daidai lokacin da ake kashe mana sojoji a Inates da Shinagodar, wane babba ka ga alƙali ya ɗaure? Lokacin ina SAMAN ɗin? Ni dai na ga sojan Faransa ya tattara ya fita a Disambar 2023, na Amurka ya bar Agadas a 2024, abin da babu ɗan siyasar da ya taɓa iyawa. Ƙasa na cikin yaƙi, a bari a gama tukuna sannan a yi maganar akwati.

Yaya Lauya:

Ɗan Ader ban ƙaryata ka a komai ba cikin abin da ka lissafo, takunkumin CEDEAO, wato ECOWAS, zalunci ne kan talaka kuma bai dawo da Bazoum ba har aka ɗage shi a Fabrairun 2024, shari'a a zamanin Issoufou kuwa mu da muke shiga kotu mun fi ka sanin ciwonta. Amma a cikin waɗanda aka kama a 2018 ka tsallake suna ɗaya, Moussa Tchangari na Alternative Espaces Citoyens. Mutumin nan ya shekara da shekaru yana sukar sansanonin sojan waje tun lokacin da faɗin hakan ke jawo wa mutum ɗauri. A 2018 an kai su gaban alƙali, lauyoyi suka tsaya, jaridu suka rubuta, bayan kamar wata 4 suka fito. Ranar 3 ga Disambar 2024 aka je gidansa a Yamai aka ɗauke shi, yanzu yana Filingen nan da ka ambata, ana tuhumarsa da abubuwan da suka shafi ta'addanci da haɗa baki da ƙasashen waje. Shi ma yaron Faransa ne?

Ƙanena na Damagaram, ka ce me 'yancin alƙali zai yi maka. Tarihinmu ma ya isa amsa, ba sai mun je ko'ina ba. A 2009 da Tandja ya so tazarce, kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce masa ƙuri'ar raba gardamar da yake son yi ta saɓa wa doka, mace guda da abokan aikinta suka kalli shugaban ƙasa mai farin jini suka ce a'a. Ya rushe majalisa, ya rushe kotun a ƙarshen Yuni, ya yi abinsa a Agusta, kuma kowa ya san inda aka kwana ranar 18 ga Fabrairun 2010. Da ya ji maganar kotu da ya sauka da mutuncinsa kuma da ba a yi wancan juyin mulkin ba. Sannan masu cewa soja na buƙatar shekaru da yawa kafin ya gyara, Wanke a 1999 ko shekara bai cika ba ya miƙa wa Tandja, Salou Djibo ya karɓa a Fabrairun 2010 ya miƙa a Afrilun 2011. Su ma sojan Nijar ne ai.

Yanzu dubi yadda aka tsara abin. An jingine kundin tsarin mulkin 2010, babu majalisar da jama'a suka zaɓa, doka tana fitowa ne da sa hannun mutum ɗaya. Aka kafa Kotun Ƙasa ta maye gurbin manyan kotunan da ake da su, ita ce ta cire wa Bazoum rigar kariya ranar 14 ga Yunin 2024, to tun da aka cire ina shari'ar? Yana tsare a fadar shugaban ƙasa shi da matarsa, ita wane laifi aka ce ta yi? Kotun CEDEAO tun 15 ga Disambar 2023 ta ce tsarewar ba ta bisa doka, aka yi kunnen uwar shegu. Ni ba na cewa Bazoum ba shi da laifi, cewa nake in yana da shi a kawo shi gaban alƙali a buɗe ƙofa, a bar lauyoyinsa su gan shi, mu ji da kunnenmu, in cin amanar ƙasa ya yi a nuna mana takardun. Sai kuma dokar 2024 da ta ba da damar a sa sunan mutum cikin kundin waɗanda ake zargi da ta'addanci, a toshe masa asusu, har a janye masa zama ɗan ƙasa tun kafin kotu ta yanke hukunci, kuma an yi wa mutane hakan. Yau manya ake yi wa shi ya sa ake tafi, amma dokar ba ta ce manya kaɗai ba, gobe wani mai ɗan muƙami a garinku da kuke rikicin gona zai iya rubuta sunanka. Ranar nan alƙalin da zai duba takardarka ya riga ya ga abin da aka yi wa sakataren ƙungiyarsu don ya buɗe baki, kana jin zai sake ka?

Batun a bari a gama yaƙi kuwa, wa zai ce an gama? Wanda ke kan kujera shi ne zai faɗa. Kuma tun 2023 ba a daina kashe mutane a Tillaberi ba, bambancin kawai yanzu ba ɗan majalisar da zai kira ministan tsaro ya tambaye shi, ɗan jarida in ya kawo adadi ya kwana a hannu. Irin badaƙalar miliyar 76 ɗin nan in tana faruwa yau ta ina za ka ji?

A Pakistan ma soja ne, Musharraf, ya dakatar da alƙalin alƙalai Iftikhar Chaudhry a Maris 2007, lauyoyi suka fito titi da baƙaƙen kwat ɗinsu ana dukansu, ya sa dokar ta-ɓaci a Nuwamba ya kori alƙalai da dama, amma a Agustan 2008 shi ne ya sauka, a 2009 aka mayar da alƙalin kujerarsa. Babu wata ƙasar waje da ta yi musu wannan aikin.

Zango Boy Kumasi:

Gaisuwa daga Gana. Mu nan ranar 30 ga Yunin 1982 zamanin Rawlings aka sace alƙalan babbar kotu 3 da wani tsohon soja daga gidajensu da dare aka kashe su, har yau lauyoyi na taron tunawa da su duk shekara. Rawlings ɗin nan mutane sun so shi sosai fa, amma sai da aka matsa aka yi tsarin mulkin 1992. A ƙarshen 2012 Akufo-Addo ya kai ƙarar zaɓe kotun ƙoli, a 2013 aka nuna a talbijin wata da watanni, ya faɗi, ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa, ya dawo ya ci a 2016. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Ɗan Ader:

Yaya Lauya maganar Tchangari da ta matar Bazoum na ji, ni ma ban ga dalilin riƙe su ba shari'a ba. Amma zaɓe yanzu ni ban yarda ba, mutanen jiya ne za su dawo da kuɗin da suka sata su sayi ƙuri'a, mu koma gidan jiya.

Yaya Lauya:

To ai ko a nan muka tsaya mun samu abin yi tare ɗan uwana. Ka bar zaɓen tukuna, ka sa bakinka a ce a mayar da alƙalan da aka kora, a janye takardar rushe ƙungiyoyinsu, duk wanda ke tsare a kai shi kotu ko a sake shi. Ɓarayin da kake tsoro kuwa alƙalin da ba ya jiran waya daga fadar shugaban ƙasa ne kaɗai zai iya ɗaure su ɗaurin da ba za a ce ramuwar gayya ba ce, in ba haka ba duk wanda aka ɗaure yau gwamnatin gobe za ta sake shi ta ce fursunan siyasa ne. Sannan a faɗa mana rana, a rubuta ta, a ce waɗanda ke riƙe da mulki ba za su tsaya takara ba kamar yadda aka yi a 2010, don babban taron ƙasa da sojoji suka kira a Fabrairun 2025 shawarar da ya bayar ita ce a bar su su tsaya.

Ɗan Damagaram:

Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya saka. Ɗan Ader kai ma na gode da ba ka zage ni ba. Yau da dare zan kai musu maganar Fatimata Bazeye da ta Tchangari a fada, don akwai mutum biyu a cikinmu da suka yi zanga-zangar ƙin tazarce a 2009 kuma yanzu su ne suka fi kowa cewa a bar soja su shekara goma, ina so in ji me za su ce.